Ihuna a Wayoyin Mutane

Shekara huɗu na yi ina mutuwa a Tudun Wada, wata rana ma sau biyu kafin la'asar. An harbe ni, an banka mini wuta, na faɗo daga saman jirgin ƙasa, na sha guba a kan wani saurayi mai gashin baki. Da yamma sai in gyara hijabina, in sauko daga bene, in sayi tattasai in wuce gida. Ni ce muryar mata a wani ɗakin da ake juya finafinan Indiya zuwa Hausa.

Ɗakin yana saman shagon wata Madam 'yar Ibo mai sayar da labule. An manne bangonsa da kwalayen ƙwai da yankakkiyar katifa don kar hayaniyar titi ta shigo, amma duk da haka in mai markaɗe ta tayar da injinta sai mu ajiye aiki mu yi ta kallon juna. Mu uku ne. Akwai Maigida, mai ɗakin da kwamfutar, shi ke yanka fim ya ɗora sauti. Akwai ni, bazawara da ta dawo ɗakin uwarta ba ta da komai sai maƙogwaro mai kyau. Sai kuma Malam, mai muryar bos, wato mugun fim.

Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, ko na sayen ruwa. Maigida ne ke bin rubutun Turancin da ke ƙasan hoto ya gaya mana inda labari ya dosa, mu kuma mu cika bakin ɗan wasa da Hausa har ya rufe shi. Inda magana ta yi lami sai a ƙara gishiri, kuma a wajen gishiri ba a haifi kamar Malam ba. Gajeren mutum ne mai sanyin hali, yana sayar da turare a ƙofar masallaci da safe, 'ya'yansa biyar duk mata. In yana gaishe ka sai ka matso kafin ka ji abin da ya ce. Amma da ya tsaya gaban makirufo sai wata murya ta fito daga cikinsa kamar ana mirgina durom. A bakinsa bos ɗin Indiya kan koma ɗan unguwa: ya aiki yaransa su sayo masa ƙosai kafin a fara faɗa, ya ce da jarumi ya je ya yi aski tukuna sannan ya zo su yi magana. Ni kaina sau nawa na ɓata aiki da dariya. Masu tura fim a waya sun ce mata daga cikin gidaje suke aikowa da memori, a ce a sa musu na mai barkwancin nan.

To, su waɗannan finafinai da wuya ka ga ɗaya da babu wurin da bos zai tare yarinya. Yawanci ƙanwar jarumi ce, ba ta da wani aiki a labarin sai a yi mata fyaɗe don ran yayanta ya ɓaci ya samu dalilin karya ƙasusuwa. Da an gama da ita sai a manta da ita, ko a nuna ta kashe kanta, a koma rawa a kan dutse. Mu a ɗakinmu ba ma kiran abin da sunansa, wurin tsere muke cewa. Maigida yana da tsarin da yake alfahari da shi: duk inda tsiraici ya bayyana sai ya datse, saboda matan aure da yara ke kallo. Gudun, da kulle ƙofar, da ihun, waɗannan yana barin su. Shi a wajensa ya tsabtace fim ke nan. Gurbin da datsewar ta bari kuwa Malam ke cike shi da ban dariya, wai don kar wurin ya yi wa mutane nauyi.

A shekarata ta biyu, wata Laraba da hantsi, muka iso wani wurin tsere.

"Ihu nake so," in ji Maigida. "Ba magana. Ihu kawai, mai ɗan tsawo."

Na yi. Ya cire abin ji daga kunnensa ya dube ni. "Haba Hajiya, wannan ai kamar an taka miki ƙafa a layin famfo."

Na sake, ya ce kamar na ga kyankyaso. Muka yi dariya mu duka, na sha ruwa, ya mayar da hoton baya. A karo na huɗu ya manta bai rage sautin fim ɗin na asali ba. Da bos ya tura sakata sai na ji ƙararta a cikin kunnuwana biyu.

Ina da shekara ashirin wani abokin yayana ya ce in biyo ta shagonsa a Tudun Jukun in karɓar wa Inna atamfa. Da rana tsaka ne, ana jin masu talla suna wucewa a waje. Ya tura sakata. Ban yi ihu ba a ranar. Na buɗe baki, sai na tuna in mutane suka taru ni za su kalla ba shi ba, na rufe. Na koma gida da atamfar a hannuna. Inna kaɗai na gaya wa. Ta dafa ruwa, ta wanke kayana da kanta, da na fara kuka ta sa tafin hannu ta rufe mini baki, ta ce maƙwabta na tsakar gida, kuma kar yayana ya ji a yi kisan kai. Shekara tara ke nan a lokacin, ni da ita ba mu sake tayar da maganar ba.

Ban san na yi ihun ba sai da na ji maƙogwarona yana zafi. Da na buɗe ido na ga Maigida yana tafa hannu.

"Kai! Wannan ai kamar gaske! Malam, ka ji kuwa?" Ya danna nan ya danna can. "Na adana shi. Daga yau kin huta, Hajiya, ba za ki sake fasa maƙoshi ba. Duk inda aka buƙaci ihu, ga shi."

Ya sa masa suna a kwamfuta: ihun mace na ɗaya. Shi alheri ya ɗauka ya yi mini, ni kuma na ce na gode. Na shiga banɗaki na yi amai, na wanke fuska na dawo. Na tarar Malam yana sauraron ihun yana gyaɗa kai, yana neman abin da zai ɗora. Can ya matsa gaban makirufo ya saki muryar nan tasa:

"Ƙara murya, amarya, maƙwabta ba su ji ba!"

Maigida har da faɗowa daga kujera don dariya.

Fim ɗin ya yi kasuwa fiye da duk wanda muka taɓa fitarwa. Daga nan duk wurin tseren da ya zo, Maigida ya ɗauko ihun mace na ɗaya ya liƙa, Malam ya ɗora kalmarsa. Matan Indiya da ban san adadinsu ba sun nemi ceto da muryata. Sai samari suka yanko guntun suka shiga haɗa bidiyon barkwanci da shi: wani na bin kaza da wuƙa, wani ya ɗaura zani abokinsa na bin sa cikin lungu. Wasu suka mayar da shi ƙarar kiran waya. Mahauci in mace ta yi masa ƙorafin ƙashi sai ya ce ƙara murya, amarya. 'Yan mata na wucewa ta gaban majalisar samari za a jefa musu ita a kwashe da dariya, su kuma su sunkuyar da kai su ƙara sauri.

Ba zan wanke kaina ba. Shekara biyu ina ji ina wucewa. In aka nuna ni aka ce ga mai ihun nan, murmushi nake yi, wani lokaci har da ɗan jin daɗi, don ban taɓa yin wani abu da aka san ni da shi ba. Na ce wa kaina aiki ne. Na ce wa kaina tun da ba wanda ya sani, ba abin da aka taɓa mini. Sai dai in maƙwabta suka kunna fassararmu a tsakar gida nakan ture kwanon abinci in shige ɗaki, in ce na gaji da jin kaina.

Abin ya zo ƙarshe a gidan suna a Gyallesu, wajen 'yar ƙanwar Inna. Bayan azahar ne, mata sun cika tsakar gida ana rabon waina. Wata ƙawar mai jego ta gane ni, ta ciro waya ta kunna guntun ta ɗaga sama. Ihuna ya cika gidan, muryar Malam ta biyo baya, mata suka kwashe da dariya, har da tsofaffi.

"Don Allah yi mana shi a nan mu ji!" in ji mai wayar. "Ke dai kin iya, wallahi."

Inna ba mai kallon fim ba ce, rediyonta ya ishe ta, kuma in ana kallo a tsakar gida tana can ɗaki da carbinta. Ranar ce ta fara jin sa sosai, aka kuma nuna mata mai shi. Tana zaune a kan tabarma kusa da ƙofar mai jego. Na ga ta ajiye wainar da ta gutsura, ta laluɓi takalmanta, ta fita ba sallama. Na bi ta. Ba ta tsayar da adaidaita ba. Da ƙafa muka taho, ita da ciwon gwiwarta, sai da muka kusa gida, sannan ta tsaya ta dafa wani bango.

"Wancan na ranar ne," ta ce. Ba tambayata take yi ba.

Na ce eh.

"Ni na toshe miki baki. Na ce ina rufa miki asiri. Ashe ajiye shi kika yi, har kika kai wa waɗannan suna wasa da shi." Ta share ido da bakin mayafi. Sai muryarta ta koma irin wadda take aike na da ita ina yarinya. "Gobe ki je ki karɓo abinki."

Washegari na hau benen, ko jakata ban ajiye ba. Maigida na yanka sabon fim, Malam na gefe yana ɓare gyaɗa.

"Maigida, ihun nan nake so ka goge. Kai kuma Malam, kalmar nan ta isa haka."

Da farko sun ɗauka wasa ne. Da Maigida ya ga fuskata sai ya juyo da kujera ya fara yi mini karatu. Ai fim ne. Ai ba mu muka shirya ba, Indiyawa ne. Ai a ƙarshe ana kashe bos, ga darasi nan. Ai mutane na cikin wahala, in ba mu sa su dariya ba wa zai sa su? Ai mata ne ma suka fi aikowa a tura musu. Na ƙyale shi ya kai aya.

Na ce, "Indiyawa ba su ce ƙara murya ba. A nasu fim ɗin bos shiru ya yi, da kunnena na ji. Mu muka ga mace na neman ceto muka ce wurin ya yi lami."

Malam ya ajiye gyaɗarsa ya yi magana da muryarsa ta gaisuwa. "Hajiya, ni fa mugu nake kwaikwayo. Mugu ai dole ya faɗi mugun abu. Ni ma ina da 'ya'ya mata."

"Malam, da mugunta ka ba shi da an tsane shi. Kai daɗin baki ka ba shi. Samarin unguwar nan ba jarumi suke kwaikwayo ba, kai suke kwaikwayo. Ka tambayi 'ya'yan naka ko an taɓa jefa musu kalmarka a hanyar Islamiyya."

Malam ya sunkuyar da kai. Maigida ne ya ga abin na neman wuce wasa, ya yi 'yar dariyar nan da ake kashe magana da ita.

"Wai ni Hajiya, me ya yi zafi haka? Ko an taɓa yi miki ne?"

Ya san babu macen da za ta amsa wannan tambaya a Tudun Wada, shi ya sa ya yi ta. Ƙofa a buɗe take saboda zafi. Madam na tsaye a kan matakala tana ninke labule, ga wani mai tura fim a bakin ƙofa ya zo karɓar sabon kaya. Na gan su duka. Haushin da nake ji ya fi tsoro yawa.

"An yi mini," na ce. "Abin da ka ajiye a kwamfutarka ka sa masa lamba, shi ne ihun da na kasa yi a ranar. Kuma ko ba a yi mini ba, sai ka goge shi."

Mai tura fim ya juya ya sauka bai karɓi kayansa ba. Maigida ya yi ta lalube da linzamin kwamfuta kamar yau ya fara riƙe shi. Na tsaya a kansa har ya goge, na ce ya buɗe inda kwamfuta ke tara abin da aka zubar ya goge a can ma, don ba a banza na yi shekara huɗu a ɗakin ba. Ya goge. Sannan ya ce, idonsa a kan allon, "Kin san dai wannan bai hana komai ba. Yana cikin wayoyin mutane."

Na ce na sani. Malam bai ɗago kai ba har na fita. Madam ta matsa mini hanya a matakala, ta ce da Hausarta, "Sannu, 'yar'uwa."

Kafin kwana biyu labari ya zagaye unguwa. Wani malamin makaranta daga Dutsen Abba da ke zuwa wajena zance ya daina zuwa, ko uzuri bai aiko ba. Yayana ya zo gida yana huci, ba a kan abokinsa ba, a kaina, wai na zubar musu da mutunci a bakin titi. Inna ce ta miƙe da gwiwar tata ta nuna masa ƙofa. Shi da abokin nasa har yau suna gaisawa. Matan da suka yi dariya a gidan suna suka kasu biyu: masu canza hanya in sun hango ni, da masu zuwa da fuskar ta'aziyya suna cewa sai haƙuri. Dukansu haushi suke ba ni. Ban mutu ba, kuma haƙuri na yi shi shekara goma sha ɗaya, na ga abin da ya haifa.

Ban sake hawa benen ba. Cikin mako guda Maigida ya ɗauki wata a gurbina, an ce ta iya ihu. Malam kuwa an ce ya daina faɗin kalmar, ya samo wata sabuwa. Ni na koma koyar da yara karatu a wata makarantar unguwa. Ina kewar aikin, ba zan ɓoye ba. Babu abin da na taɓa iyawa kamarsa.

Akwai masu cewa ba ni da raha, wai na ɗauki fim da zafi. Ni ce ba ni da raha? Ni da nake tsayar da aiki don dariya ta ci ƙarfina? A yi wa bos dariya in ya zame a kwata, a yi wa jarumi dariya in gashin bakinsa ya karkace, ni ce ta farko. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zaunar da gida guda, uwa da uba da 'ya'ya, a koya musu cewa in mace na ihu a bayan ƙofa lokacin nishaɗi ne ya zo. Wanda ya saba dariya a wannan wurin, ran da ya ji na gaske ta bayan katangarsa ban san abin da zai fara yi ba.

Saura wayoyin mutane. Ba zan iya bin su gida gida ba, amma wadda ta yi ƙara a gabana ba na wuce ta. Na tsayar da mai nama, na tsayar da ɗinki a shagon tela, na taɓa tsayar da wani Alhaji a layin kemis. Wasu su goge da kunya, wasu su zage ni, wasu su ɗauka taɓin hankali ne. Na daina damuwa da wanne zan samu.

Kwanan baya na hau adaidaita daga bakin kasuwa da safe. Mu biyu ne a baya, ni da wata mata mai niƙabi da kwandon cefane a cinya. Ba mu yi nisa ba wayar direba ta yi ƙara. Ihuna ne, muryar Malam na biye da shi.

"Direba, tsaya," na ce.

Ya gangara gefe. "Nan za ki sauka?"

"A'a. Muryata ce a wayarka. Ni na yi ihun nan, kuma ba na wasa ba ne. Ka goge shi."

Ya leƙo ni ta madubi ya washe baki. "Ke ce? Kai! Hajiya, don Allah ɗan yi mana kaɗan."

"Fyaɗe ake yi wa matar. Shi ka sa yana kiranka, kana ɗauka kana sallama."

Dariyar ta ɗauke, ya ɓata rai. "To ai wayata ce. Kuma kowa ma yana da shi." Ya kama hannun mashin zai ja.

Na buɗe baki zan ba shi amsa sai na ji an kama hannuna ta ƙarƙashin hijabi. Matar ce. Hannunta sanyi ƙalau, ta matse nawa har na ji zafi. Ba ta dube ni ba, gaba take kallo.

"Direba," ta ce, da muryar babbar mace wadda ta haifi kamarsa. "Ka ji abin da ta ce. Kashe mashin ɗin nan ka goge, muna kallo."

Ya kashe. Ya yi ta gunaguni yana danne-danne, ya juyo da wayar ya nuna mana, sannan muka ci gaba da tafiya. Ita dai ba ta sake ni ba. Da muka iso wani lungu ta ce a tsaya. Ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Ɗana ma shi ya sa a wayarsa. Kullum ina ji a tsakar gidana." Ta ƙara yin ƙasa da murya. "Ni nawa ihun shekara talatin ke nan, ban yi shi ba tukuna."

Ta saki hannuna, ta ɗauki kwandonta ta shiga lungun.